Yadda muka bi har aka mayar wa ƙanina da ƙoƙon kansa

Na rubuta wannan ne saboda iyalan da aka yi wa ɗan'uwansu aikin kai, aka cire wani ɓangare na ƙoƙon, aka sallame su da cewa za a mayar daga baya. Mu mutanen wani ƙauye ne a ƙaramar hukumar Birnin Kudu. Ni malamin firamare ne, ƙanina kuma manomi ne da ke taɓa acaba in aikin gona ya yi sauƙi. Tsakanin aikin farko da na biyu mun sha ruɗani mai yawa, wanda da mun sami mai zaunar da mu ya yi mana bayani tun farko, da ba mu sha shi ba. Abin da nake so ya shiga kunnen mutane shi ne, mayar da ƙashin nan magani ne shi kansa, domin yana da hannu a yadda jini ke gudana cikin ƙwaƙwalwa. Mu da farko gyaran kamanni muka ɗauke shi, abin da zai iya jira sai an sami sarari.

Da kaka abin ya faru. Ya kai wani mutum da buhun riɗi bakin titi, yana dawowa gab da magariba sai garken shanu ya ɓullo masa, ya yi ƙoƙarin kaucewa, babur ya kwashe shi, kansa ya daki gefen kwalbati. Ba shi da hular kwano, kamar dai yawancin 'yan acabarmu. A asibitin da ke kusa da mu aka ɗinke fatar kan aka sa masa ƙarin ruwa, da suka ga yana ta amai kuma barci na danne shi sai suka rubuta takardar tura mu Kano. Muka ɗauki shatar mota, muka bi ta Kwanar Huguma da Wudil, muka shiga gari tsakar dare. A sashen gaggawa na babban asibitin da aka tura mu, abin da za ka fara yi shi ne yankar kati da buɗe fayil, kuma kowane abu sai ka je ka biya ka dawo da rasit: hoton kai da ake kira CT, gwajin jini, kayan aiki. Hoton ya nuna jini ya taru a ɓangaren dama, ƙwaƙwalwar kuma ta fara kumbura. Likitan ya ja ni gefe ya ce, "Malam, ƙoƙon kai rufaffe ne, ba ya miƙewa. In ƙwaƙwalwa ta kumbura ba ta da wurin zuwa, sai ta matse kanta jini ya kasa shiga. Za mu cire ƙashin wannan ɓangaren mu ba ta wuri." Na sa hannu a takarda. Da suka fito suka ce sun ajiye ƙashin a ƙarƙashin fatar cikinsa, a nan zai zauna cikin tsabta har ranar da za a mayar. Wasu asibitocin a firiza ta musamman suke ajiyewa, saboda haka a tambaya tun a ranar, a san inda ƙashin yake.

Ya yi kwanaki a ɗakin kulawa ta musamman, sannan aka mayar da shi ɗakin maza. Da Allah ya sa ya farfaɗo har yana takawa da kansa, aka sallame mu da takardar sallama, da maganin hana jijjiga, da ranar dawowa ganin likita. An ja mana kunne cewa kada ya kwanta ta ɓangaren da aka yi aikin, kada ya hau babur, kada wani abu ya taɓa wurin, tunda fata ce kawai tsakanin ƙwaƙwalwa da waje. A lokacin wurin a cike yake, har ya ɗan tasa, in ka kura ido za ka ga fatar tana harbawa tare da bugun zuciya. Makonnin farko a gida sai hamdala. Yana cin abinci, yana fita ƙofar gida, masu zuwa dubiya suna cewa ai jiki ya yi kyau.

Da sanyin hunturu ya kankama sai wurin ya fara lotsawa. A hankali ya yi zurfi har tafin hannu zai iya shiga, hula ba ta zama daidai a kansa, sai ta karkace ta faɗa ramin. Tare da lotsawar sai mutum ya fara komawa baya. Ciwon kai, jiri, yawan barci, maganarsa ta yi nauyi, ka tambaye shi abu sai ya daɗe yana kallon ka kafin ya amsa. Hannunsa na hagu, da ya mutu bayan hatsarin kuma ya fara dawowa, ya sake mutuwa. Inna ce ta gano abin da duk mu maza ba mu lura da shi ba, domin ita ke wuni da shi. Ta ce da ni, "Kai ba ka gani ba ne? Da asuba yaron nan garau yake tashi, har ya gaishe ni ya tambayi awaki. In ya wuni a zaune, kafin la'asar buta ma ba ya iya riƙewa. In na kwantar da shi ya ɗan jima, sai ya dawo hayyacinsa." Na tsaya na duba da kaina. Da la'asar ya ɗauki buta da hannun hagu zai zuba wa na dama ruwa, butar ta sulale ta faɗi, ya bi ta da kallo bai ko yi yunƙurin ɗauka ba. Ramin kuma a lokacin ya fi na safe zurfi.

A gari kuwa kowa da fassararsa. Wasu suka ce iska ce ta shige shi a wurin da ya faɗi, tunda da magariba ne. Wasu suka ce sammu. Wani dattijo da muke girmamawa ya ce ai asibiti sun gama nasu, ran ya tsira, kada a sake kai shi a buɗe masa kai a banza. Har an kawo wani mai magani da ya so ya shafa wani haɗi a kan fatar ya ɗaure da tsumma, Baffa ya hana. Addu'a da rubutun sha ba mu fasa ba, amma duk abin da zai danna wurin ko ya ji wa fatar ciwo haɗari ne babba, domin in fatar nan ta yi gyambo aikin mayarwa ba zai yiwu ba sai ta warke sarai. Ban ga laifin masu faɗin haka ba, abin da suka sani suka faɗa. Abin da ya dame ni shi ne yadda irin wannan maganar ke sa a ajiye marar lafiya a ɗaki alhali matsalarsa tana da gyara.

Ba mu jira ranar da aka rubuta mana ba. Likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa ba kullum suke ganin marasa lafiya na waje ba, suna da ranarsu a mako, saboda haka muka kwana a Kano wurin wani ɗan'uwa, muka yi sammako. Za ka miƙa kati a wurin masu fayil, ka biya kuɗin ganin likita, ka zauna a benci har a kira sunanka. Mun zauna tun safe har bayan azahar, kuma zaman nan ya yi mana amfani ta wata fuska, domin lokacin da aka kira mu ƙanina ya riga ya yi laushi, likita ya ga abin da idonsa. Na maimaita masa maganar Inna kalma da kalma. Ya ajiye biro ya ce a kwantar da shi a gadon gwaji, ya ci gaba da yi mini tambayoyi, bayan ɗan lokaci ya koma ya ce ya matse masa yatsu da hannun hagu. Matsar ta fi ta farko ƙarfi. Ya ce a gaya wa Inna ta yi aikin likita.

Bayanin da ya yi mini shi ne dalilin wannan rubutun, don haka zan faɗe shi dalla-dalla, haɗe da abin da na ƙara fahimta daga baya. Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma tana karɓar wajen kashi 15 cikin 100 na jinin da zuciya ke turawa, kusan mililita 750 a kowane minti, kuma tana cin wajen kashi 20 cikin 100 na iskar oksijin da jiki ke amfani da ita. Ba ta ajiye guzuri, abin da jini ya kawo a take shi take ci. A cikin ƙoƙon kai abu uku ne ke zaune tare: ƙwaƙwalwa, da jini, da wani ruwa garai-garai da take iyo a cikinsa. Rufin ƙashin ne ke sa matsin da ke tsakaninsu ya daidaita. In babu ƙashi, kuma kumburin farko ya saɓe, sai nauyin iskar da ke kewaye da mu ya riƙa danna fatar kai tsaye a kan ƙwaƙwalwa. Mu ba ma jin nauyin iskar nan, amma tana da nauyi. In mutum ya zauna ko ya miƙe, ruwan nan yakan gangara wajen laka, matsin cikin kai ya ragu, fatar ta ƙara lotsawa, ƙananan jijiyoyin jini su matsu. Likitan ya ce in tuna tiyon ban-ruwa a fadama in an taka shi: inji na aiki, ruwa na nan, amma abin da ke isa shuka kaɗan ne. In aka kwanta ruwan ya dawo, wurin ya ɗan cika, jini ya sami hanya. Hannun hagu ne ya mutu saboda ɓangaren dama na ƙwaƙwalwa shi ke juya hagun jiki. Abin kuma sananne ne wurin likitoci. Tun 1939 wasu likitoci biyu a Amurka, Grant da Norcross, suka yi bayanin alamomin, a 1977 kuma Yamaura da Makino a Japan suka danganta lotsawar fatar da komawa bayan marar lafiya. Akwai na'urorin da ke auna gudun jini a ƙwaƙwalwa, kuma awon da aka yi wa irin waɗannan marasa lafiya kafin mayar da ƙashi da bayansa ya nuna gudun jinin yakan ƙaru, ba a ɓangaren da aka yi aikin kaɗai ba, sau da yawa har da ɗaya ɓangaren.

Daga nan aka shiga shiri. An sake hoton CT don a tabbatar kumburi ya tafi, a kuma duba ko ruwa ya taru a cikin ƙwaƙwalwa, domin in ya taru lissafin aikin yakan canza. Likita ya ce yawanci akan mayar da ƙashi wajen wata uku bayan aikin farko, ana iya gaggautawa ko jinkirtawa gwargwadon halin marar lafiya, amma mai irin alamomin ƙanina jira ba ya ƙara masa komai. Ya lissafa mana abin da ake rufe wurin da shi. Akwai ƙashin mutum na kansa, shi ya fi sauƙin kuɗi, sai dai in ya daɗe a ciki yakan zaizaye ya ƙanƙance. Akwai simintin ƙashi da ake kwaɓawa a ɗakin tiyata a yi masa siffar wurin. Akwai ragar ƙarfen taitaniyom, wadda farashinta ke bin dala. Akwai kuma wanda ake ƙerawa daidai da kan mutum ta hanyar kwamfuta, wannan ya fi ƙarfin irinmu. Na ƙanina bai lalace ba, don haka aka tsaya a kansa, mu kuma za mu sayi ƙananan faranti da kusoshin da za a ɗaure shi. Aka ba mu takardar ƙiyasin kuɗi. A nemi wannan takardar a rubuce, a kuma tambaya me ta ƙunsa, domin tamu ba ta haɗa da kuɗin gado da magungunan bayan aiki ba.

Haɗa kuɗin shi ya fi cin lokaci. Inshorar lafiyar da ake cire mini a albashi ni da matata da 'ya'yana ta ƙunsa, ba ta kai kan ƙani ba. Muka sayar da ɗaya daga cikin shanun huɗa, Inna ta fitar da awakinta, matata ta kawo kwasar adashinta, abokan acabarsa suka yi karo-karo, liman ya yi sanarwa ranar Juma'a. A asibitin akwai ofishin taimakon marasa galihu, ana cike takarda a yi maka tambayoyi, kuma sun rage mana wani abu. Mutane da yawa ba su san da ofishin ba, ni ma wani majinyaci ne ya nuna mini ƙofarsa. Ban da wannan akwai kuɗin da ba a rubuta shi a ko'ina: mota, abincin masu jinya, ruwan sha, cajin waya. Ana cikin haka azumi ya zo. Likita ya ce kada ya yi, domin ƙarancin ruwa a jiki yana ƙara lotsawar, mun kuma gani da idonmu ranar da ya yi gudawa, sai da aka ba shi ruwan gishiri da sukari aka kwantar da shi sannan ya dawo daidai. Liman ya zo har gida ya ce masa marar lafiya an ɗauke masa, ya rama in ya warke.

Bayan Sallah muka koma da kuɗi. Gwaje-gwajen kafin aiki sun haɗa da awon yawan jini, rukunin jini, gwajin ƙoda, hoton ƙirji, sannan ganin likitan allurar barci, wanda shi ma sai ya amince. An ce mu kawo masu ba da jini, ni da wani ɗan Baffa muka bayar. Aka ba shi gado aka sa sunansa a jerin aiki, sai aka ɗaga saboda an kawo wani mai hatsari da ransa ke hannun Allah. Na ji ba daɗi ƙwarai, amma na tuna mu ma a daren farko wani aka ɗaga saboda mu. Ɗagawa ta gaba kuwa wani ɗan ƙurji ne da nas ta gani a bakin tsohon ɗinki, aka ce sai ya bushe. A nan ne haƙurina ya kusa ƙarewa, ga kuɗin gado na tafiya. Likita ya ce babban abin tsoro a wannan aikin shi ne ƙwayar cuta ta shiga, in ta shiga sai an sake cire ƙashin a zubar, a koma farko. Da na ji haka na yi shiru.

Ranar aikin an hana shi ci da sha tun dare, aka aske kan, na sake sa hannu bayan an karanta mini haɗarin da ke ciki: zubar jini, jijjiga, shigar ƙwayar cuta, kumburi. Da za a tura shi ya riƙe rigata da hannun dama ya ce, "Yaya, ka ce wa Inna ta yafe mini." Na ce ta yafe, ka dai yi ta salati. Muka zauna a baranda, Baffa na jan carbi, ni kuwa ko zama na kasa. Bayan 'yan sa'o'i aka fito da shi da naɗi a kai, da wani a ciki inda aka ciro ƙashin, da ɗan siririn tiyo da ke fitar da jini zuwa wata 'yar roba. Yinin farko da darensa su ne na sa ido. An bayyana mini cewa ƙwaƙwalwar da ta daɗe a matse, jijiyoyinta ba sa saurin sabawa da dawowar jini, a wasu 'yan tsiraru takan kumbura farat ɗaya, kuma wannan yana iya kisa. Shi ya sa nas ke zuwa a kai a kai tana haska masa ido da tocila, tana tambayar sunansa, tana cewa ya ɗaga hannu. An gargaɗe mu kada mu taɓa robar nan, kada mu matsa ta ko mu sauya mata wuri, domin yadda take zuƙo jini yana shafar matsin cikin kai. In mai jinya ya ga barci ya yi yawa, ko amai, ko jijjiga, ya kira nas nan take, kada ya ce bari gari ya waye.

Sauyin bai jira mun koma gida ba. Cikin kwanakin farko na lura yana wuni a zaune yamma ta yi bai yi laushi ba. Wata safiya na kawo koko, kafin in zauna in ba shi sai ya tallafi kwanon da hannun hagu ya kama ludayi da na dama, ya sha abinsa yana tambayata wa ke kula da san huɗar da ya rage. Na fita waje na kira Inna a waya, na kasa magana sai da na share hawaye. Ciwon kai da jirin suka ragu, amsarsa ta daina jinkiri. An cire tiyon, daga baya aka cire zare, aka haɗa mu da sashen gashin ƙashi da motsa jiki, inda aka koya mana atisayen da zai riƙa yi a gida.

Kada wani ya karanta wannan ya ɗauka kowa haka zai samu. Mutumin da ke gadon kusa da namu an rufe masa da simintin ƙashi, ya ɗan ƙara kuzari amma ƙafarsa ba ta dawo ba. Likita ya ce ɓangaren ƙwaƙwalwar da ya mutu tun ranar hatsari ba ya dawowa, abin da ke farfaɗowa shi ne wanda yake da rai amma jini bai ishe shi ba. Ƙanina ma har yanzu yatsun hagunsa ba su kai na da ba, kuma yana saurin fushi, abin da ba halinsa ba ne.

Wanda ke cikin wannan hali yanzu, ya tara duk takardunsa wuri guda: takardar sallama, rasit, sakamakon gwaji, da hotunan CT na farko da na baya, domin likita yakan jera su ya kwatanta. Ya sa wanda ke wuni da marar lafiya ya lura da bambancin safe da yamma, da na zaune da kwance, in da hali a ɗauki hoton ramin a waya a lokutan biyu, a kuma tafi asibiti da mai lurar, ko a kai maganarsa yadda ya faɗa. In wurin ya lotsa mutum kuma ya fara komawa baya, a kwantar da shi, a ba shi ruwa in yana iya sha, a nufi asibiti ba sai ranar da aka rubuta ta zo ba. In wata rashin lafiya ta kai ku wani asibitin daban, ku fara gaya musu babu ƙashi a kansa, musamman in ana maganar ɗibar ruwa ta gadon baya, domin hakan na iya ƙara lotsawar ta yi muni. Maganin jijjiga ba a yanke shi don an ga sauƙi, sai likita ya ce. Kuɗin aiki na biyu kuma a fara tara shi tun ranar sallamar farko, kafin kuɗin kaka ya watse.

Bayan an mayar ma ba a gama ba. Ja, ko zafi, ko ruwa na fita daga ɗinki, ko zazzaɓi, duk dalilin komawa ne da gaggawa. Ƙashin mutum na kansa yana iya zaizayewa a hankali ko bayan an mayar, musamman ga masu ƙananan shekaru, don haka ana ci gaba da bibiya. Ƙanina ya koma gona yana ƙananan ayyuka da safe, an hana shi babur tukuna, kuma a ƙarshen damina za mu koma a sake hoto a ga ko ƙashin ya kama.